Ƙungiyar Hawan Doki Ta Iyali: Tambayoyin Da Aka Fi Yi Mana

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye da yara suka fi yi mana, wasu kafin su shiga ƙungiya, wasu bayan sun shiga doki ya fara nuna musu halinsa. Mun haɗa masu nauyi da masu ban dariya wuri guda, domin a barga haka suke zuwa. Wanda ya zo tambayar allurar rigakafi, kafin ya tafi sai ka ji yana tambayar dalilin da ya sa dokinsa ya tauna masa hula.

Mece ce ƙungiyar hawan doki ta iyali, kuma me ya raba ta da makarantar koyon hawa?

A makaranta, ka zo ka tarar an ɗaura sirdi, ka hau, lokaci ya cika ka sauka ka miƙa ragama ka kama gabanka. A ƙungiya kuwa iyalai ne suka haɗa kai, suke raba hawa da ɗawainiya baki ɗaya. Yaron da zai hau shi ne zai goge dokin, ya duba kofatonsa, ya cika masa bokitin ruwa. Tsarin ba sabo ba ne. A Ingila aka kafa Pony Club a 1929 don koya wa yara hawa tare da kula da dabbar, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Mu muna ganin wannan haɗin shi ne daidai, domin wanda bai taɓa share barga ba, rabin doki kawai ya sani.

Sai muna da dokinmu kafin mu shiga?

A'a. Shawararmu ma ita ce kada ku saya sai kun yi aƙalla shekara guda kuna zuwa, kun ga zafi kun ga sanyi, kun ga ranar da ba wanda yake son fita amma dole a ba doki abinci.

Yaro ya kai shekara nawa kafin ya fara?

Babu ƙayyadadden shekaru da kowa ya yarda da shi. Galibi ɗan shekara huɗu zuwa biyar zai iya zama a kan kuru, babba yana riƙe da ragama yana ja a hankali. Riƙe linzami shi kaɗai kuwa sai ya iya sauraron umarni, ya iya daidaita zamansa, kuma wannan yakan zo wajen shekara bakwai. Mun fi duba natsuwar yaro a kan shekarunsa.

Kuru shi ne dokin da tsayinsa daga ƙasa zuwa doron kafaɗa bai wuce santimita 148 ba, kuma kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ku. Cikin mintoci kaɗan yake gane cewa hannun da ke riƙe da shi ba shi da ƙarfi. Daga nan sai ya hango ɗanyar ciyawa, ya sunkuyar da kai, ɗan mahayin ya zamo ta wuyansa a hankali har ya tsinci kansa zaune a ƙasa, kuru kuwa ko ɗagowa bai yi ba. Yawancin yara dariya suke yi su tashi su karkaɗe jiki. Shi ya sa muke ajiye babba kusa da kowane ƙaramin mahayi har hannunsa ya yi ƙwari.

Na manyanta. Ban makara ba? Mata kuma fa?

Ba ku makara ba. Hiroshi Hoketsu na Japan yana da shekara 71 ya shiga gasar Olamfik ta Landan a 2012 a kan doki. Hawan doki kuma yana cikin wasanni ƙalilan da maza da mata suke karawa a fili ɗaya a Olamfik, da doka ɗaya. A gasar Helsinki ta 1952, Lis Hartel 'yar Denmak ta ci lambar azurfa, alhali shan inna ya shanye mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, sai an ɗora ta an kuma sauke ta.

Abin da muke aunawa shi ne nauyi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce mahayi da sirdinsa kada su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin. Ba cin fuska ba ne idan muka tambaye ku, neman dokin da zai ɗauke ku ba tare da bayansa ya wahala ba muke yi.

Babu hatsari?

Akwai, kuma ba ma ɓoye wa kowa. Matsakaicin doki yana kai kilo 500, ana faɗowa daga kansa, yana harbi, yana cizo, yana taka ƙafa. Hular kwano wajibi ce ga babba da yaro, kowane hawa, ko da zagaye ɗaya ne. Idan hular ta taɓa buguwa da ƙasa a faɗuwa, a canza ta, ko da ba a ga tsagewa ba. Takalmi ya zama rufaffe mai ɗan dunduniya, don kada ƙafa ta zurma cikin likkafa.

Sauran kariyar sanin dabbar ne. Idanun doki suna gefen kansa, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma akwai wurare biyu da ba ya gani: daidai gaban goshinsa da daidai bayan wutsiyarsa. Wanda ya ɓullo masa ta baya shiru, ya ja wa kansa. Ku zo ta wajen kafaɗa, kuna magana. Ku kuma koya wa yara karanta kunne. Kunnuwa a miƙe gaba, hankalinsa yana kan wani abu. Kunnuwa sun kwanta baya sun manne da wuya, ransa a ɓace yake, a ja da baya.

Ta yaya dabba mai wannan girma take tsoron leda?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace yawan zuwa, kuma duk mai doki yana da nasa labarin. Doki zai wuce babbar mota tana ruri ko a jikinsa, ya zo ya ga leda iska tana kaɗawa ya yi tsalle gefe, ya buɗe hanci yana huci. Zai bi hanya ɗaya kullum lafiya, ranar da aka ajiye bokiti a inda babu shi jiya, sai ya tsaya cak ya ƙi gaba. Akwai mai tsoron lema, akwai mai tsoron kududdufi, akwai mai firgita da ƙarar tusar kansa ya zabura yana waiwaye.

Abin dariya ne, amma yana da tushe. Doki dabbar da ake farauta ce. Kakanninsa a fili suka rayu, kuma wanda ya tsaya bincike kafin ya gudu bai bar zuriya ba. Motar ya saba da ita, ya san yadda take tafiya. Leda kuwa motsinta ba shi da tsari, ga ƙara, kuma a ƙasa take, inda mai kwanton ɓauna yake laɓewa. Idonsa ya fi namu saurin kama motsi, amma bai kai namu tantance siffa ba. Shi dai ya ga abu ya motsa.

Don haka ba ma dukan doki a kan tsoro. Duka yana tabbatar masa cewa lallai wurin akwai sharri. A bar shi ya tsaya, ya duba, ya shinshina, mahayi ya saki jikinsa ya yi numfashi. Doki yana jin tsoron mahayinsa ta ƙafa da ta hannu, kuma idan ku biyu kuka tsorata, ledar ta ci nasara.

Na yi masa wanka tas, ina sakinsa ya tafi ya yi birgima a ƙasa. Raini ne?

Ba raini ba ne, ko da yake mun san yadda zuciya take yi, musamman idan kili ne fari fat kuma gobe ne taron nuna dawaki. Birgima tana sosa masa inda ba ya iya kaiwa, tana busar da jiki, ƙurar kuma tana rage masa cizon ƙuda. Jiƙaƙƙen jiki yana masa ƙaiƙayi, shi ya sa ya fi yin ta bayan wanka. Maganin shi ne a riƙe shi a ɗan zaga da shi har ya bushe.

Abu ɗaya za ku lura da shi. Lafiyayyen doki idan ya gama birgima yakan tashi ya girgiza jiki. Wanda yake kwanciya yana tashi, yana waiwayar cikinsa, yana tonon ƙasa, yana gumi, wannan ba wasa yake ba. Ciwon ciki ne, a kira likitan dabbobi nan take.

Na ɗaure majayi tam, ina sa ƙafa a likkafa sirdi ya juye. Me ya faru?

Dokinku ya ƙame jikinsa lokacin da kuke ja, da kuka gama sai ya saki, majayi ya yi sako-sako. Tsofaffin dawakin koyo sun ƙware a wannan. Ku ɗaura a hankali, ku ja shi ya yi 'yan taku, ku ƙara matsewa, sannan ku sake dubawa bayan kun hau. Idan kuwa yana kwantar da kunne ko yana kai cizo duk lokacin da aka taɓa wurin, a duba ko sirdin yana ci masa baya.

Me ya sa idan za mu fita kilisa yake jan ƙafa, idan muka juyo gida kuwa sai ya zama ingarma?

Domin a gida abokansa da abincinsa suke, kuma ba ya mantuwar hanya. Dokin da ka yi ta lallashi a tafiya, kana juya kansa sai ka ji sabon ƙarfi ya shigo masa. Kada ku biye masa. Dokarmu ita ce ƙarshen hanyar gida da tafiya ake yin ta, ba sassarfa ba sukuwa. Wanda ya saba wa dokinsa da shiga gida a guje, wata rana zai shiga ba tare da an tambaye shi ba.

Dokinmu yakan ɗaga kai ya yaye leɓe, haƙora a waje. Dariya yake yi?

Yara suna son wannan ƙwarai. Shinshina yake yi. Idan ya ji baƙon wari, sai ya naɗe leɓen sama don ya tura warin zuwa wata gaɓa ta musamman da ke cikin hancinsa. Ingarma yana yawan yi idan goɗiya tana kusa, amma sabon turaren da kuka shafa ma yana iya jawo shi.

Da gaske doki yana da wayo, ko dai masu shi ne suke zuzutawa?

Dokin mai baki ya fi gudu, kuma kowane mai doki yana ganin nasa ya fi na kowa basira. Amma akwai gaskiya a ciki. A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a Jamus mai suna Hans, wanda mai shi, Wilhelm von Osten, ya yi imani yana lissafi. A yi masa tambaya, ya buga kofato a ƙasa har adadin amsar. A 1907 wani masani, Oskar Pfungst, ya bayyana abin da ke faruwa: idan mai tambayar bai san amsa ba, ko kuma Hans ba ya ganinsa, sai ya kasa. Ashe fuska da jikin mutum yake karantawa. Idan ya kai adadin, mai tambaya yakan ɗan motsa ba tare da ya sani ba, shi kuma sai ya tsaya.

A ganinmu wannan ya fi lissafi ban mamaki, kuma kullum muna ganin irinsa. Doki ya san wanda yake da abu a aljihu. Ya san ƙarar bokitin abinci daban da na wanki. Ya san wa zai yi wa gardama, wa kuma ba ya ɗaukar wargi, shi ya sa za ka ga wanda ya gagari maigida ya zama kamar tunkiya a hannun 'yar shekara goma mai natsuwa. Wasu suna koyon zare sakata da leɓe. Mai wannan hali idan ya fita, ba kasafai yake nisa ba, ɗakin abinci yake nufa, wani har ya buɗe wa maƙwabcinsa. Ku yi dariya, sannan ku sa sakata ta biyu a ƙasa inda bakinsa ba ya kaiwa, domin dokin da ya samu buhun hatsi ya ci son ransa yana iya kamuwa da ciwon ciki ko kumburin cikin kofato, kuma duka biyun suna kisa.

Me yake ci, kuma nawa?

Ciyawa ce tushe, ɗanya ko busasshiya. Idan busasshiya ce, a rana yana buƙatar kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa, wato kusan kilo 10 ga doki mai kilo 500. Ruwa kuwa lita 20 zuwa 40, fiye da haka idan ana zafi ko ya yi aiki. Hatsi ƙari ne ga mai aiki, ba shi ne abincin ba. A ajiye masa gishiri ya riƙa lasa.

Tumbinsa ƙarami ne a kan girman jikinsa, an yi shi ne don cin kaɗan-kaɗan, shi ya sa idan aka sake shi a makiyaya yakan yi awa 16 yana kiwo. Kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga sai ya bi hanya har ƙarshe. Wannan ne dalilin da ya sa muke tsanantawa: ba a canza masa abinci rana ɗaya, ba a ba shi mai fumfuna, ba a ba shi ciyawar da injin yanka ya tara ta fara zafi, kuma ba wanda zai ba dokin wani komai sai da izini. Karas ko tuffa ba laifi, a yanka, a ɗora a tafin hannu a buɗe. Amma wanda ya yawaita, zai wayi gari dokinsa yana caje masa aljihu duk lokacin da ya shigo.

Wa yake kwashe kashi?

Kowa. Doki ɗaya yana zubar da wajen kilo 20 a rana, kuma sau da yawa yakan jira sai an gama shara an shimfiɗa sabo. Muna raba kwanaki tsakanin iyalai, babu babba babu yaro. A nan ne ma ake fara gane rashin lafiya, domin mai shara shi ne yake ganin an samu canji.

Mun tarar da shi kwance shame-shame, mun ɗauka ya mutu. Ba a tsaye doki yake barci ba?

Yana gyangyaɗi a tsaye, domin jijiyoyin ƙafafunsa suna iya kulle gaɓoɓin ba tare da ya gaji ba. Barci mai nauyi kuwa sai ya kwanta, ko da na ɗan lokaci ne a rana, wani har da minshari. Kusan kowane sabon mai doki ya taɓa rugawa da gudu hankali a tashe, doki ya buɗe ido ɗaya ya dube shi. Kwanciyar alama ce mai kyau, ba ya yin ta sai inda ya amince.

A ina kuɗi suke tafiya?

Kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta. Bayan abinci da wurin zama, akwai gyaran kofato duk mako shida zuwa takwas, domin kofato yana girma kullum. Akwai duba haƙora aƙalla sau ɗaya a shekara, domin suna ci gaba da fitowa suna yin kaifi su yanki kumatu. Akwai maganin tsutsar ciki, da rigakafin tetanus da na cututtukan da likita ya san suna yankinku. Sannan a ware wani abu don larurar dare, wadda ba ta sallama.

Ku kuma lissafa shekaru. Doki yana rayuwa shekara 25 zuwa 30, wani ya wuce. Wani dokin Ingila da ake kira Old Billy, wanda ya mutu a 1822, an rubuta cewa ya kai 62. Yarinyar da aka saya wa kuru tana 'yar shekara takwas za ta girma ta bar gida, shi yana nan yana jiran abincin safe. Wanda zai saya ya yanke shawara tun yanzu a kan wanda zai riƙe shi idan ya tsufa ya daina ɗaukar kowa. Amana ce, kuma ba ta ƙarewa ranar da aka rataye sirdi.

Mu sayi dukushi su girma tare da ɗanmu?

Kada ku yi. Tunanin yana da daɗi, amma wanda bai iya ba ba ya koyar da wanda bai iya ba. Dokin farko ya zama mai shekaru, goma ko fiye, wanda aka fiɗiye ko goɗiya mai sanyin hali, wanda ya riga ya koyar da wasu yara. Ingarma ba na iyali masu koyo ba ne. Ku tafi da wanda ya san doki, ku hau shi fiye da sau ɗaya, likita ya duba shi kafin a biya. Launi shi ne abu na ƙarshe da za a duba, ko da yake shi ne na farko da yara suke zaɓa.

Doki ɗaya ya isa?

Doki ɗan garke ne, kaɗaici yana sa shi haniniya ba tsayawa, ko zagaye, ko tauna katako. Yana buƙatar ɗan'uwa da zai gani ya taɓa, in babu doki ko jaki ne. Wannan yana cikin amfanin ƙungiya, naku zai samu abokai ba sai kun sayi na biyu ba. Da yawa dai sukan ƙare da sayen na biyun, da hujjar wai na farko ne yake buƙata.

A gidanmu akwai wanda ba ya son hawa ko kaɗan. Yana da abin yi?

Sosai. Akwai riƙe ragama, buɗe ƙofa, gyaran shinge, shafa wa sirdi mai, ɗaukar hoto, da lura da ƙananan yara. Kakanni sukan zo su zauna a inuwa suna kallon jikoki. Ba ma matsa wa kowa ya hau, babba ko yaro. Yaron da yake jin tsoro a bar shi ya fara da goge wuyan kuru, idan ya shirya shi da kansa zai tambaya.

Ranar farko me za mu zo da shi?

Dogon wando, rufaffen takalmi mai dunduniya, ruwan sha, da tufafin da ba za ku ji ciwo ba idan doki ya goga hancinsa a jiki, domin zai goga. A cire sarƙa da manyan 'yan kunne, a ɗaure duk wani mayafi ko gyale yadda ba zai kaɗa ko ya maƙale ba. Hular kwano za mu ara muku har ku sami taku. Ku zo da wuri, ranar farko da gaisuwa da goge jiki ake farawa, hawa sai daga baya.